Yaushe Uba Ke Sauke Nauyin Ciyar da Ɗansa?



Ɗana, tambayar da ka yi mini, kusan duk namijin da ya rabu da uwar 'ya'yansa sai ya yi ta, ko a fili ko a zuci: wannan kuɗin da nake aikawa duk ƙarshen wata, sai yaushe zan daina? Ban ga laifinka ba. Wanda ya ɗauki kaya yana da haƙƙin sanin inda zai sauke. Kuma gara kai da ka tambaya, da wanda ya yanke wa kansa hukunci a teburin mai shayi, abokai na zuga shi.

Kafin in faɗa maka inda nauyin yake ƙarewa, bari in fara da wuraren da mutane ke zaton ya ƙare alhali bai ƙare ba, domin a nan mafi yawan iyaye maza ke tuntuɓe.

Na farko shi ne saki. Idan ka yi wa mace sakin kome, ci da shanta da wurin kwananta suna wuyanka har ta gama idda. Idan tana da ciki, har ta haihu. Daga nan haƙƙinta na matar aure ya ƙare. Amma na yara bai ko girgiza ba, domin tun asali ba ta dalilin igiyar aure suke ci ba, ta dalilin kai ne ubansu. Ita ka saka, su ba ka sake su ba, kuma babu takardar da za ka rubuta da za ta sake su.

Na biyu shi ne yaye. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu a matsayin cikar shayarwa, ta kuma ɗora ciyarwa da tufatarwa a kan uba. Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, ta ƙara da cewa matar da aka rabu da ita, in ta shayar da jaririn, a biya ta ladanta. Sai wasu suka ɗauka shekara biyun nan ita ce iyakar komai. Kana jin mutum yana cewa, "Da zarar an yaye shi a kawo mini ɗana, in ba haka ba ko sisi ba zan ƙara bayarwa ba." Wannan al'ada ce, ba fiƙihu ba. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da ita, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan mijinta. Riƙo nata ne, ciyarwa taka ce, kuma ɗaya ba ya soke ɗaya.

Na uku shi ne auren uwar. Nan ne zuciyar namiji ta fi tafasa: "Ni ba zan aika kuɗina wani ƙato ya ci ba." Ka saurara da kyau. Idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙinta na riƙo yana iya faɗuwa, amma ba kanka yake faɗowa kai tsaye ba. Malikiyya ta jero kakar yaron ta wajen uwa, da 'yar'uwar uwarsa, da kakarsa ta wajenka, duk kafin a zo kanka. Ko a hannun wa yaron ya zauna, kuɗin abincinsa daga aljihunka zai fito. Mijin uwarsa in ya ciyar da shi, alheri ya yi, ba wajibi ya sauke ba. Kuma ka san yadda agola ke cin tuwo a gidan da ba na ubansa ba: yana ci yana kallon fuskoki. Kuɗinka da ke shiga gidan nan duk wata shi ne ke ba ɗanka damar ɗaga kai.

Haka nan wadatar uwa ba ta sauke maka komai. Ko tana ɗaukar albashin da ya ninka naka, ko tana da shago a Kantin Kwari, Malikiyya ba ta wajabta mata ciyar da ɗa ba. Abin da ta kashe da niyyar kyauta, sadaka ce ta yi wa ɗanta. Idan kuma ta hana ka ganin yaran, ta yi kuskure, kuma akwai inda ake kai wannan ƙara: manyan dangi, mai unguwa, Hisbah, ko gaban alƙali. Amma kada ka rama da cikin yaro. Shi bai hana ka ganinsa ba.

Saura biyu da nake so ka riƙe. Kai yaro makarantar allo a wani gari bai cire shi daga lissafinka ba. Malam, amanar koyarwa ka ba shi, ba ta ciyarwa ba, kuma yaron da ke yawo da roba ƙofa-ƙofa alhali ubansa na da abin ba shi, za a tambayi uban nan. Sannan sabon aure da sababbin 'ya'ya ba sa rage wa na fari matsayi. Wanda ke gabanka yana kuka kana ji, wanda ke gidan kakarsa ba ka jin nasa, shi ya sa sai ka riƙa tuna shi da gangan.

To, a ina nauyin yake ƙarewa?

Littattafan da aka karantar da mu a zaure sun yi maganar a fili. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ke Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, da Mukhtasar na Shehu Khalil, malamin Misra na ƙarni na 14, duk sun raba hukuncin gida biyu, na ɗa namiji daban, na 'ya mace daban.

Ɗa namiji, ciyar da shi wajibi ne a kanka har ya balaga, da hankalinsa, kuma yana da ikon nema da kansa. Sharuɗɗa uku ke nan, ba ɗaya ba, amma mutane na farkon kawai suke haddacewa. Balaga ana gane ta da alamominta na jiki, in ba su bayyana ba, sanannen zance a Malikiyya shi ne shekara 18. Idan kuwa ya balaga da lalurar da ta hana shi nema, kamar makanta, ko taɓin hankali, ko shanyewar jiki, to nauyinsa bai sauka ba, ko ya yi furfura. Irin wannan ɗan, iyakar ciyar da shi ita ce iyakar ranka ko ranar da Allah ya yaye masa.

'Ya mace kuwa ba a ƙidaya mata shekaru. Ci da sha da sutura da wurin kwananta suna kanka har ta yi aure ta tare, nauyin ya koma wuyan mijinta. Ɗaurin aure kaɗai bai isa ba. Ko ta shekara 25 tana jami'a, ko ta 30 miji bai fito ba, 'yarka ce, a kanka take. A nan nake jan kunnenka a kan abu biyu. Kada ka ɗora mata talla don ta ciyar da kanta, kana da hali. Kuma kada ka aurar da ita ga duk wanda ya fara sallama don kawai ka huta da ɗawainiya. Auren da aka ƙulla don rage baki a gida, sau da yawa yakan dawo da baki biyu ko uku. Idan ma aurenta ya mutu bayan ta tare, tana baliga mai lafiya, Malikiyya ta ce wajibcin bai dawo kanka ba, Hanafiyya ta ce ya dawo. Ko wanne ka bi, ba mu gaji rufe wa 'ya ƙofar gidan ubanta ba.

Akwai wasu hanyoyi uku da wajibcin ke sauka. Idan yaro yana da dukiyarsa, kamar gadon da ya ci daga uwarsa, ana iya ciyar da shi daga cikinta, bisa amana da lissafi. Idan uba ya talauce talauci na gaskiya, ba a kallafa masa abin da ba shi da shi, domin aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta auna ciyarwa da gwargwadon samun mutum. Amma talaucin gaskiya nake nufi, ba na wanda ya ce wa alƙali ba shi da ko taro, washegari a gan shi yana kai lefe. Na uku shi ne mutuwa. Ranar da uba ya rasu, 'ya'ya sun koma kan rabonsu na gado, kuma Malikiyya ba ta tilasta wa kaka ko baffa ɗaukar nauyinsu. Shi ya sa lokacin da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya yi ciwo ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada da abin hannunsu ya fi barinsu suna roƙon mutane. Mai hankali yakan yi wa 'ya'yansa tanadin bayan ransa tun yana da ƙarfi.

Dokar ƙasa kuma da lissafin shekaru take aiki. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, jihohi kuma kowace ta yi tata a lokacinta, Kano ta sa wa tata hannu a 2023. Ga waɗanda suka yi auren rajista, dokar shari'o'in aure ta 1970 ta ce kotu ba ta yanka kuɗin ciyar da ɗan da ya cika shekara 21, sai in akwai dalili na musamman. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya gama firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. 'Yan'uwanmu da ke zaune a waje su ma su san dokar inda suke: a Ingila ana biya har yaro ya kai 16, ko har 20 in yana ci gaba da karatun da bai kai na jami'a ba, a Amurka kuwa yawancin jihohi 18 ne ko gama sakandare, New York 21.

Yanzu ka ji abin da alƙali zai iya tilasta maka. Amma ɗana, ba don ka tsaya a nan na faɗa maka ba. Alƙali mafi ƙarancin abin da ya hau kanka yake yankewa, don kada a zalunci yaro. Uba na gari ba ya auna kansa da mafi ƙaranci.

Ka sake duba sharaɗin nan na uku, ikon nema. A zamanin kakanninmu, yaro ɗan shekara 15 ya riga ya iya riƙe gona, ko ya iya fiɗa a mahauta, ko jima, ko rini, ko ya san hanyar fatauci, domin tun yana ɗan shekara bakwai yake bin ubansa wurin sana'a. Ranar da ya balaga, da sana'arsa a hannu ya balaga. Yau fa? Kai da kanka ka sa shi firamare yana ɗan shekara shida, ya yi shida a can, ya yi shida a sakandare, ya fito yana ɗan 18 ba abin da ya iya sai riƙe biro. In ya ci JAMB ya samu gurbi, ga shekara huɗu ko biyar a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba. A 2022 kaɗai malaman jami'a sun yi wata takwas ba sa shiga aji. Bayan nan ga shekarar bautar ƙasa. Kafin ya riƙe takardar da zai nemi aiki da ita, ya doshi 24 ko 25. Idan ka ɗora shi a wannan hanya, sannan a tsakiyarta ka ce masa, "Ai ka girma, nemi na kanka," ina ka nufa ya nufa? Malaman Hanafiyya tun da daɗewa suka lura da wannan, suka ce ɗalibin da karatu ya shagaltar da shi daga nema, ciyar da shi na nan a kan ubansa matuƙar da gaske yake karatun.

Abin da nake so ka fahimta shi ne, ranar sauke nauyin nan ba kalanda ce ke kawo ta ba, kai ne ke gina ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana so ka huta yana ɗan 20, to tun yana ɗan 12 ka fara aiki. Lokacin hutun makaranta ka kai shi wurin tela, ko kafinta, ko mai gyaran waya, ko ka zaunar da shi a shagonka ya koyi ciniki da lissafi. Boko da sana'a ba kishiyoyi ba ne. Ita ma 'yar ka bar ta ta yi karatu, ta koyi abin yi, domin auren da kake jira ya sauke maka nauyinta ba shi da tabbas, amma abin da ta iya ba mai saki ya raba ta da shi.

Idan lokacin ya matso, kada ka yanke kwatsam. Ka kira shi ku zauna, kamar manya biyu. Ka ce masa, "Kuɗin makarantarka a kaina yake har ka gama. Daga bana kuɗin kati da na aski naka ne. In ka gama bautar ƙasa, ga ɗan jari, daga nan kai ne da kanka." Yaron da aka yi wa haka yakan shirya, kuma yakan ji an girmama shi. Wanda kuwa ya wayi gari kawai ya ga kuɗi sun daina shigowa, ba kira ba bayani, ba darasin dogaro da kai ya koya ba, abin da ya koya shi ne ubansa ya yar da shi.

Kada kuma ka zarce ɗaya gefen. Akwai uban da tausayi ko jin nauyin rabuwar da ya yi da uwar ke sa shi ciyar da ƙato ɗan shekara 30, lafiyayye, mai barci har hantsi. Wannan ba jinƙai ba ne, cutarwa ce. Shari'ar da ta ce ka ciyar da shi yana ƙarami, ita ce ta ce ka sake shi in ya iya. Ranar da ba ka nan, wa zai ci gaba?

Game da kuɗin kansa, ga 'yan shawarwari. Ka bayar kafin a tambaya. Kada ka mai da uwar 'ya'yanka mai bin bashi, tana aiko yaro da saƙo, kana cewa ya dawo jibi. Yaron da aka mayar ɗan aiken karɓar kuɗin abincinsa ba ya manta tsayuwar da ya yi a ƙofar gidanka. Ka sa rana, ka tura ta banki ko ta hannun amintacce, ka adana shaida. Sannan ka tuna abin da aka yanka maka shekara uku ko huɗu da suka wuce ba shi ne na yau ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san yadda kwanon masara da kuɗin mota suka koma, har gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Ma'aunin shari'a shi ne abin da zai ishi yaro bisa al'ada. Da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan kan ƙoro, izinin da aka ba ta shi ne ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta, ba wani adadi ƙayyadadde ba. Saboda haka ka ƙara da kanka, kada ka jira sammaci. Ciwo kuma ba ya jiran ƙarshen wata, haka ɗinkin sallah da kuɗin jarrabawa.

Ita ma uwar yaran, in da mai kai mata saƙona, ina da magana biyu gare ta. 'Yata, kuɗin yara na yara ne, ki riƙe amana, kuma kada ki cika musu kunne da laifin ubansu. Sannan ki san haƙƙinki: a Malikiyya, ciyarwar 'ya'ya da ta wuce ba ta zama bashi a kan uba haka kawai, sai in alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuwa wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba kyauta ba. In kin yi shiru shekara biyar sannan kika zo neman na baya, zai yi wuya ki samu. Tun da wuri a zauna gaban manya a rubuta, in ya ƙi, a je kotu. Neman haƙƙin yaro ba tonon asiri ba ne.

Abu na ƙarshe, ɗana. Littafin da ya wajabta maka ciyar da ɗanka, a babi guda ya wajabta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa in sun rasa. Wato nauyin nan ba ɓacewa yake yi ba, juyawa yake yi. Watarana kai ne za ka zauna kana jiran a aiko. Alƙali zai iya tilasta wa ɗanka ya ba ka abinci, amma ba zai iya tilasta masa ya zo ya zauna kusa da kai ya tambayi lafiyarka ba. Wannan tun yanzu ake saye, kuma ba da kuɗi kaɗai ba: da zuwa makarantarsa, da sanin sunan abokansa, da kiran waya ba don komai ba sai don ka ji muryarsa.

Saboda haka ka ciyar da namijin har ya iya tsayawa, kuma ka koya masa tsayuwar. Ka ciyar da macen har ta tare, ka zaɓa mata da natsuwa. Mai lalura ka riƙe shi iyakar ranka, ka yi masa tanadin bayanka. Abin da ya ragu bayan wannan, na nasiha da addu'a da buɗaɗɗiyar ƙofa, ba shi da ranar ƙarewa.

Allah ya hore maka abin da za ka sauke nauyinsu da shi, ya sa su zama masu jin ƙanka. Ka gaishe mini da yaran in ka je, kuma ka je ɗin.